Halin Fasto da Zaman Ikilisiya a Yankin Noman Rani na Kura da Bunkure

Gabatarwa

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa a yankin noman rani na Kura da Bunkure, a gona ake fara auna halin fasto, tun kafin a saurari wa'azinsa.

Asalin Al'amarin

Mishan ta SIM ta kama aiki a ƙasar Kano cikin shekarun 1930, kuma daga gare ta ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Akasarin Kiristocin karkarar Kano asalinsu Maguzawa ne, watau Hausawa manoma, kuma da Hausa suke sujada, domin tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da harshen.

A dā, rani lokacin sarari ne ga manomi, wanda ya dace da ajin karatu da ziyara da tarurruka. Amma da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya riƙa kwarara ta hanyoyin da aka haƙa zuwa Kadawa da kewaye, sai noma ya zama na shekara cur: shinkafa da damina, alkama da tumatir da rani. Wannan ya rage lokacin da jama'a ke ba majami'a, ya kuma ɗaure baikonsu ga farashin amfanin gona.

Ma'aunin Hali

A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura ta uku, Manzo Bulus ya shar'anta wa shugaban ikilisiya kamun kai da karɓar baƙi da gudun son kuɗi, da kuma kyakkyawar shaida daga waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. Idan muka kwatanta wannan da siffofin mutumin kirki da Kirk-Greene ya tattara a 1974, irin su gaskiya da amana da haƙuri da karamci, za mu ga kusan ma'auni ɗaya ne.

A wurare uku ake gwada shi. Na farko, rabon ruwa. Faston karkara yawanci manomi ne. In ya tare ruwa ya hana na ƙasa da shi, ya rushe wa'azinsa da hannunsa. Na biyu, amanar baiko, musamman a shekarar asara irin ta 2016, lokacin da tsutsa ta cinye tumatir. A nan ake gane mai tausayin garke da mai tatsarsa. Na uku, maƙwabtaka, domin Musulmi ne mafi rinjaye, kuma da halin fasto suke yi wa dukan ikilisiya hukunci.

Kammalawa

Hausawa sun ce hali zanen dutse ne. Saboda haka muna ba da shawara ga makarantun horar da fastoci da dattawan ikilisiya: kafin a danƙa wa mutum majami'a, a tambayi waɗanda gonarsu ke iyaka da tasa.