Wakilin Mai Gida: Aikin Kula da Gidajen Haya

Wakilin mai gida, wanda a gari aka fi kira da ejan, shi ne mutumin da aka damƙa wa gidan haya ya kula da shi a madadin mai shi. Mutane kan haɗa shi da dillali, amma aikinsu ya bambanta. Dillali yana haɗa mai neman gida da mai gida, ya karɓi la'adarsa, ya kama gabansa. Wakili kuwa aikinsa yana farawa ne daga ranar da mai gida ya miƙa masa makulli, kuma ba ya ƙarewa sai ɗan haya ya fita. A garuruwa irin su Kano da Kaduna da Abuja, masu gidaje da dama ba sa zaune kusa da gidajensu, wasu gidajen kuma na gado ne da magada suka bar wa mutum ɗaya ya riƙe. Shi ya sa sana'ar ta samu gindin zama. A fiƙihun Musulunci ma an san ta, domin ta haɗa wakilci da ijara, kuma abin da ke hannun wakili amana ne.

Aiki na farko shi ne zaɓen wanda zai shiga. Wakili na ƙwarai yana binciken sana'ar mai neman gida da yawan iyalinsa, wani lokaci ya nemi wanda zai tsaya masa. Daga nan sai yarjejeniya a rubuce: nawa ne kuɗin haya, yaushe yake ƙarewa, wa zai biya kuɗin wuta da ruwa da kwashe shara, wane gyara ne na mai gida, wanne ne na ɗan haya. Yawancin rigingimun da ke kai mutane gaban mai unguwa ko kotu sun samo asali ne daga maganar baka da kowa ya tuna ta yadda ta yi masa daɗi.

Sai batun kuɗi. Wakili yana karɓar haya, ya ba da rasidi, ya cire ladansa, wanda bisa al'ada yakan kai kashi 10 cikin 100, ya miƙa sauran tare da bayanin abin da aka kashe. Nan ne aka fi gane mai gaskiya. Wanda yake cuɗa kuɗin haya da jarinsa, yana jujjuya su kafin ya miƙa, ya riga ya taka hanyar cin amana ko da bai yi niyya ba.

Gyara shi ne ɓangaren da ya fi cin lokaci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Kafin damina ana duba kwanon rufi da indararo da magudanar ruwa, domin yoyon da kafinta zai toshe da ƙusa kaɗan a watan Mayu yana iya zubar da silin a watan Agusta. Masai yana cika, famfo yana lalacewa, injin rijiyar burtsatse yana ƙonewa. A gidan da mutane da yawa ke amfani da mita ɗaya, rabon kuɗin wuta kaɗai ya isa ya raba maƙwabta, kuma wakili ne ake kira ya raba gardama. Dole ya san birkila da mai gyaran wuta da mai gyaran famfo waɗanda zai iya kira cikin dare. Mai gida yakan ga gyara a matsayin asara, don haka wakili yana buƙatar ƙarfin halin gaya masa gaskiya, ko da ba zai ji daɗinta ba.

Fitar da ɗan haya yana da ƙa'ida. A dokar da ke aiki a Abuja, da kuma dokar haya ta jihar Legas ta 2011, idan yarjejeniya ba ta tanadi wani wa'adi ba, mai biyan wata-wata ana ba shi notis na wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata shida. Idan wa'adin ya cika bai tashi ba, a ƙara masa notis na kwana 7, sannan a tafi kotu. Cire ƙofa, yaye rufi, yanke wuta ko watsa kayan mutum a titi duk ɗaukar doka ne a hannu, kuma suna iya jawo wa mai gida biyan diyya. Dokar ta Legas ta kuma hana karɓar hayar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya a yankunan da take aiki.

A hukumance sana'ar tana da masu ita. An kafa ƙungiyar ƙwararrun masu kula da kadarori da ƙiyasta darajarsu, NIESV, a 1969, sannan dokar soja mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar ESVARBON da ke yi musu rajista. Sai dai gidajen haya na cikin unguwanni galibi suna hannun lauyoyi da dillalai da 'yan uwan masu gida, waɗanda ba su da wannan rajista. Saboda haka mai neman haya yana da haƙƙin ganin takardar da ke nuna mai gida ya wakilta mutum kafin ya ba shi ko sisi, kuma ya karɓi rasidi mai ɗauke da adireshin gidan da tsawon wa'adin da ya biya.