Awa 48 da ake cewa a jira bayan an sauya adireshin shafin intanet

Duk wanda ya taɓa ɗauke shafinsa na intanet daga wani kamfanin ajiya zuwa wani ya san wannan saƙo: "Ka yi haƙuri, sauyin zai iya ɗaukar awa 24 zuwa 48." Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, a daidai lokacin da abokin mai shafin a Legas ke ganin sabon shafi, shi a Kano tsohon ne ke buɗe masa a waya. Sai ya zaci an yi masa aikin banza, alhali tsarin ne ke tafiya yadda aka gina shi.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙira a Amurka a 1983, shi ke mayar da sunan shafi zuwa lambar da na'ura za ta bi. Idan mutum ya rubuta suna, wayarsa kan tambayi sabar kamfanin sadarwarsa, ita kuma ta bi sawu daga manyan sabar tushe, zuwa masu kula da ƙarshen suna irin su .com ko .ng, har ta kai ga wadda ke riƙe da bayanan shafin. To da yake tafiyar na da tsawo, sabar ba ta maimaita ta kowane lokaci. Sai ta ajiye amsar a wurinta.

Nan ne jiran yake. Babu wani da ke zagaya duniya yana shelar sabon adireshi. Kowace amsa tana ɗauke da wa'adi da ake kira TTL, wanda ake ƙirgawa da daƙiƙa: 300 minti biyar ke nan, 3,600 awa ɗaya, 86,400 kwana guda cur. Sabar da ta yi tambaya minti biyu kafin a sauya bayanin za ta ci gaba da raba tsohuwar amsa har wa'adinta ya cika, wadda ba ta taɓa tambaya ba kuwa nan take za ta samu sabuwa. Kamar mai kanti ne da ya sari kaya jiya: sai ya sayar da na hannunsa kafin ya koma kasuwa ya ji sabon farashi.

Ita awa 48 ɗin ma tana da asali. Kamfanin Verisign da ke kula da .com ya sanya wa bayanan da ke nuna sabar sunan kowane shafi, wato wadda ke riƙe da bayanansa, wa'adin daƙiƙa 172,800, wato kwana biyu daidai, kuma mai shafi ba shi da ikon rage shi. Saboda haka wanda ya sauya sabar sunan gaba ɗaya na iya jira har kwana biyu. Wanda lambar adireshi kaɗai ya canza kuwa, wa'adin da shi da kansa ya rubuta ne ke ɗaure shi. Kamfanoni da yawa dai ba sa bambance waɗannan biyun ga abokan hulɗarsu, sai su jefa wa kowa awa 48 don su huta da tambaya.

Masu gogewa a harkar kan rage wa'adin zuwa 300 tun kafin ranar ƙaura, su bari tsohon wa'adin ya ƙare, sannan su yi sauyin. Rage shi bayan an riga an sauya ba ya tsinana komai, domin tsofaffin amsoshi sun riga sun fita da dogon wa'adinsu. Kuma ba sa kashe tsohuwar sabar da gaggawa, musamman saboda saƙonnin imel da ke iya ci gaba da sauka can.

Akwai wani tarko da sababbin shiga ke faɗawa. Amsar "babu wannan suna" ita ma ana ajiye ta, bisa ƙa'idar da aka fitar a 1998. Mai ɗokin da ya gwada buɗe sabon suna tun kafin ya gama saita shi kan sa sabar kamfaninsa ta riƙe wannan "babu" na wani lokaci, shafin ya ƙi buɗe masa alhali yana buɗe wa wasu. Hanyar ganewa ita ce a gwada da wani layin, ko a tambayi sabar Google mai lamba 8.8.8.8 ko ta Cloudflare mai 1.1.1.1. Dukansu biyu suna da shafin da mutum zai rubuta sunan, ya nemi a goge tsohuwar amsar da suka ajiye.