Yadda fiyano ke kwaikwayon kukan goge

Ka taɓa lura da mai kalangu a gidan biki? Yana matse igiyoyin kalangun a hammata sautin ya haura, ya sassauta ya sauko, har ka ji kamar gangar na kiran sunan wani. Mai goge kuwa jan yatsa yake a kan tsirkiya, kukan ya yi ta lanƙwasa.

Fiyanon lantarki, irin wanda ake haɗa kiɗan waƙoƙin fim da shi a situdiyon Kano, maɓallansa a rarrabe suke. Wannan da sautinsa, na kusa da shi da nasa. Abin da ke tsakaninsu, inda daɗin yake, babu maɓallinsa.

Injiniyoyi sun daɗe suna fama da wannan giɓi. A 1970 aka fitar da Minimoog a Amurka, da 'yan tayoyi biyu a gefen hagu. Ɗaya tana ɗaga sauti ko ta sauke shi, aikin hammatar mai kalangu ke nan. Ɗayar tana sa shi karkarwa. Har gobe za ka gan su a jikin fiyano da yawa.

Ƙarfin bugu fa? A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai na'urori biyu masu jin taɓi. Fiyanon yana auna lokacin da maɓallin ya ɗauka daga ta farko zuwa ta biyu, ya mayar da shi lamba daga 1 zuwa 127, bisa tsarin MIDI na 1983. Wato sauri yake aunawa, ba ƙarfin ƙwanjinka ba. Lambar ce ke zaɓar sautin da za a saki, na lallaɓawa ko na duka. Yamaha DX7 ma har wurin jona abin hurawa da baki gare shi.

Sai dai tayar tana da naƙasu: in ka danna maɓalli uku, duka take lanƙwasawa tare. Tsarin MPE na 2018 ya bai wa kowane yatsa 'yancinsa, kuma a kan Seaboard na kamfanin ROLI da ke Landan, shimfiɗar roba mai laushi kake shafawa.

Duk da haka ana gane kwaikwayo. In ka ji sarewa a waƙar fim, kasa kunne ka ji ko mai busar yana tsayawa shaƙar iska. In ya yi ta busa babu hutu, yatsa ne a kan maɓalli.