Ko Kun Sani? Jan Zoben da Ya Ci wa Microsoft Fiye da Dala Biliyan Ɗaya

A Nuwamban 2005 na'urar wasan bidiyo ta Xbox 360, ta kamfanin Microsoft, ta shiga kasuwa, kuma ba a jima ba masu ita suka fara kuka. Mutum na tsaka da wasa sai hoto ya tsaya cak, fitilu uku da ke kewaye da maɓallin kunnawa su koma ja kamar zobe, shi ke nan na'ura ta mutu.

Zafi ne sila. In an kunna, ɓangaren da ke sarrafa hoto ya ɗau zafi, in an kashe ya huce, yau da gobe har ƙananan ɗigon dalmar da ke riƙe da shi su tsattsage. Takaici ya kai wasu suna naɗe na'urar da tawul don ta ƙara zafi ko za ta farfaɗo, dabarar da ba ta wuce kwana kaɗan.

Sai a Yulin 2007 kamfanin ya amsa laifinsa, ya tsawaita garanti kan wannan matsala zuwa shekara 3, ya ware sama da dala biliyan 1 don gyara. Ya kyauta, amma ya makara.

Duk wannan lokacin masu wasa ta intanet a Xbox 360 suna biyan kuɗin rajistar Xbox Live Gold, alhali a PlayStation 3 kyauta ne. A 2010 kuɗin shekara a Amurka ya tashi daga dala 50 zuwa 60. A Janairun 2021 aka sake sanar da ƙari, jama'a suka yi ca, cikin kwana guda Microsoft ya janye.