Bokitin fenti, leda biyu da wayar Android: tsara gida a bakin tafkin Kainji kafin ruwa ya hau

A garuruwan bakin ruwa na Yauri, Ngaski da Shanga ba a tambayar ko ruwa zai hau bana, sai dai a tambayi inda zai tsaya. Kogin Neja yana kawo wa tafkin Kainji cika biyu a shekara. Ta farko ruwan daminar kusa ce, mai laka, wadda ke ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba, masana ruwa na kiranta farin ruwa. Ta biyu ta taso ne tun daga tsaunukan Gini, ta ratsa Mali da Nijar, ba ta isowa sai cikin hunturu, bayan ta zubar da lakarta a hanya. Ita ce baƙin ruwa. Mai gida a gungu ko a tungar masunta da wannan lissafi yake kwana yake tashi.

Saboda haka ba wanda zai koya wa mutanen nan haɗa kaya. In ruwa ya taɓa bakin zaure, kowa ya san aikinsa: buhunan shinkafa da gero su fara shiga kwale-kwale, sai koma da taru, sai injin ban-ruwa, sai katifa da tukwane, awaki kuma yara su kora su tudu. Abin da aka fi mantawa shi ne wanda bai kai nauyin mudun gero ba, wato takardu.

Hatsin da ya jiƙe, kaka mai zuwa za ta iya mayar da shi, ko 'yan uwa su tallafa. Takardar kammala sakandare da ta narke a ƙasan adaka kuwa, sai ranar da aka buɗe shafin ɗaukar aiki ko neman gurbin karatu a gane girman asarar.

Ba yau aka fara kwashe gida a nan ba

An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968. Da tafkin ya cika, tsohon garin Bussa ya nutse, tsibirai da ƙauyuka da yawa na Gungawa da Kambari da sauran mazauna gaɓa suka bi shi. An sake tsugunar da mutane kusan 44,000 a sababbin gidaje na bulo da rufin asbestos, waɗanda mai zanen gine-gine Robin Atkinson ya tsara. A takarda tsarin ya yi kyau. Amma da mutane suka zauna, sai suka shiga ƙara ɗakunan ƙasa, suna kafa rumbuna da shinge inda rayuwarsu ta nuna musu, ba inda zanen ya nuna ba.

Wannan tarihi ya shafi maganar waya kai tsaye. Tsarin da aka kawo daga waje, in bai bi hanyar da hannun mai gida ya saba bi ba, ba ya daɗewa. Akwai manhajojin tsara rayuwa birjik a Play Store, masu jadawali kala-kala da tunatarwa, galibinsu an rubuta su ne don mutumin da ke da lantarki dare da rana da intanet marar yankewa. Masuncin da ke fita kafin asuba ba zai buɗe su sau biyu ba. Abin da zai zauna a gidansa dole ya zama kaɗan, mai arha, kuma wanda matarsa ko babban ɗansa zai iya yi ko ba ya nan.

Matakin farko ma ba na fasaha ba ne. A yawancin gidaje takardu a warwatse suke: katin zaɓe a aljihun babbar riga, silif na NIN a ƙarƙashin katifa, katin awo da na rigakafin yara a cikin kwallar jeren uwargida, takardar cinikin gona a wajen wani kawu. Sai a tara su wuri ɗaya, a sa a leda mai kauri a ɗaure, a sake sa wa a wata ledar, a jefa cikin bokitin fenti mai murfi, a rataye a azara kusa da ƙofa. Bokitin fenti ya fi adaka a wannan aiki, don murfinsa na kamawa gam, ba ya tsatsa, yaro ɗan shekara goma zai iya ɗaukarsa, kuma in ya faɗa ruwa a rufe yakan yi iyo. Rasit irin na POS kada a kai shi wurin masu liƙa leda da zafi, baƙi zai yi ƙirin. Ko an bar shi haka ma rubutunsa gogewa yake yi, hoto ne kawai maganinsa.

Wayar da ta fi ɗaki cunkoso

Daga nan sai waya. Matsalar ita ce, wanda ya tashi ɗaukar hoton takardunsa sau da yawa saƙon da zai fara gani shi ne ma'ajiya ta cika. Ƙananan wayoyin Itel da Tecno da suka fi yawa a hannun jama'a, da yawansu gigabait 32 ne ko ƙasa da haka, kuma Android kansa ya riga ya cinye wani kaso. Sauran kuma bidiyon guruf-guruf na WhatsApp ne, da finafinan da aka tura ta Xender aka kalla tun bara, da hoton barka da Juma'a guda ɗaya da ya shigo sau ashirin.

Gyaran ba ya cin awa ɗaya. A cikin saitin WhatsApp akwai sashen ajiya da data, inda ake kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, kuma a nan manhajar ke jera manyan fayiloli da waɗanda aka yi ta turawa, a goge su a dunƙule. Wannan kaɗai yana rage kuɗin data a wata. Manhajar Files ta Google kuma tana zaƙulo fayilolin da suka maimaitu. Manhajojin da ke alƙawarin wanke waya da ƙara mata sauri, waɗanda ake cusa wa mutane a shagon tura waƙoƙi, su ne ya kamata a fara cirewa, don tallan da suke jawowa ya fi dattin da suke sharewa.

In wuri ya samu, sai a ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya, a shimfiɗe a tabarma a inuwa da rana, ba da fitilar waya ba. Manhajar Google Drive tana da maɓallin sikanin da ke gyara gefen takarda ya mayar da ita PDF. Suna shi ne rabin aikin. Fayil mai suna IMG da jerin lambobi ɓatacce ne tun yana cikin waya. A rubuta sunan mai takarda, irin takardar da shekara, a zuba duka a folda ɗaya. Masu rubuta manhaja suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a nesa da gida. A bakin tafki fassararta ita ce asali a bokiti, kwafi a waya da katin memori, sai kwafi a Drive ko fotokwafi a gidan ɗan uwa da ke tudu, a Kontagora ko Birnin Kebbi.

Ga mai takardar WAEC akwai ɗan sauƙi. Tun 2022 hukumar ta buɗe shafin takardar shaida ta dijital ga waɗanda suka zana jarrabawa daga 1999 zuwa yau. Sai dai neman ya fi sauƙi ga wanda ya riƙe lambar jarrabawarsa da shekarar, kuma a gidaje da yawa wurin da lambar take kaɗai shi ne kan takardar da ruwa ya ci.

Makullin da ke hannun mai shagon caji

Nan ne gizo ke saƙar. Duk wannan tsari a kan asusun Google ɗaya yake tsaye, kuma mutane da yawa ba su san suna da shi ba. Ranar da aka sayi wayar, wani yaro a shago ne ya buɗe Gmail cikin minti biyu don Play Store ya yi aiki. Ya ƙirƙiro suna, ya sa kalmar sirrin da ta zo masa a ka, wani lokaci ma lambar wayarsa ya sa a matsayin lambar dawo da asusu. Mai waya ya biya, ya tafi. Shekara biyu lambobin mutanensa da hotunansa suna hawa wannan asusu ba tare da ya sani ba. Ranar da wayar ta zame daga aljihu ta faɗa tafki, kayan suna nan lafiya a kan intanet, amma makullin na hannun wanda ƙila ya daɗe da barin garin.

Don haka kafin a ɗora ko takarda ɗaya, a buɗe saitin waya a duba adireshin imel ɗin da ke ciki, a canza kalmar sirri, a tabbata lambar dawo da asusu ta mai wayar ce, a ƙara ta wani amintacce a gida. Google na ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, kuma tun 2024 ajiyar hirar WhatsApp a Android tana cin wannan kaso. Wanda ya bar bidiyo a cikin ajiyar WhatsApp zai cika wurin da ya kamata takardu su zauna. Haka kuma kamfanin ya sanar cewa asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba zai iya goge shi. Drive ba rumbu ba ne da za a liƙe a manta.

Layin waya ma haka. Tun Disamba 2020 aka wajabta haɗa kowane layi da NIN, kuma da shi ake dawo da layin da ya ɓace. Layin da aka yi rajista da sunan maƙwabci ko tsohon miji, ranar da ya ɓace asusun banki da WhatsApp sun bi shi. Layin da aka jefar a kwalla tsawon watanni kuma, kamfani na iya sayar wa wani, saƙon banki ya koma shiga wayar baƙo. Wanda ya manta lambobinsa zai iya danna *346# don NIN, ko *565*0# don BVN, amma daga layin da aka yi rajistar da shi, kuma ana cire ɗan kuɗi. Wato in layin ya tafi, wannan hanyar ma ta rufe.

Maganin tsohon yayi ne: ƙaramin littafi, a rubuta imel, kalmar sirri, NIN na kowa a gida, lambar jarrabawa, da lambobin mutum goma da za a nema in an shiga uku, a sa a bokitin. Masana tsaron intanet da yawa ba sa son a rubuta kalmar sirri a takarda. Amma a ƙauyen da haɗarin ruwa ya fi na ɗan kutse kusa, littafi a rufaffen bokiti ya fi ƙwaƙwalwar mutum ɗaya aminci. Lambar sirrin katin banki ce dai ba ta shiga littafin.

Akwai wani gefe da ake tsallakewa. A gidaje da dama waya ɗaya ce, ta mai gida, kuma kullum tana kwana a shagon caji. Takardun matan gida da na yara in za su shiga cikinta, sai an sa mata makulli, an kuma zuba su a ɓoyayyar folda mai lamba da ke cikin manhajar Files. Tura hoton silif na NIN a guruf don wani ya ce ana rabon tallafi, wannan kyauta ce ga 'yan damfara.

Caji, da abin da ba sai an saya ba

Tashar Kainji an kafa ta da ƙarfin megawat 760, amma ƙauyuka da yawa da ke kallon ruwan da ke juya injinanta da janareto da sola suke caji. Wannan ya sa kowane gida ya tara ledar wayoyin caji matattu, da fitilu masu batirin da ya daina riƙe wuta, da fawa bankin da ya kumbura. Mai kumburin nan ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne, batirin lithium ne da zai iya kamawa da wuta, balle a zafin bazara ƙarƙashin rufin kwano. Fitilar sola ɗaya mai kafar USB, fawa banki ɗaya mai kyau da wayar caji biyu sun ishi gida. Mai shirin sayen sabuwar waya ko fitila ya nemi mai kafar USB-C, don tun ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta tilasta ta a kan sababbin wayoyi, kasuwa kuma can ta nufa.

Waya mai hana ruwa ba dole ba ce. Alamar IP67 na nufin ta jure zurfin mita ɗaya na minti 30, tafkin kuwa ya wuce nan nesa. Jakar leda mai zif da igiyar ratayawa a wuya ta fi ta amfani a cikin jirgi. In waya ta jiƙe, a kashe ta, a cire layi da memori, kada a sa ta a caji sai ta bushe sarai. Binne ta cikin shinkafa, ko a jihar shinkafa, ba ya tsotse ruwan da ke ciki. Apple ma ya gargaɗi masu iPhone su daina.

Game da sanin lokacin tashi, hukumar NiHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, NiMet na fitar da na damina, shafin Flood Hub na Google kuma yana nuna hasashen kogi na kwanaki bakwai, har da Najeriya. Suna da amfani ga mai data. Sai dai hawan ruwa a nan ya danganta har da yadda ake riƙewa da sakin ruwa a madatsa, don haka rediyo da sanarwar mai unguwa da idon tsofaffin masunta ba su zama tsohon yayi ba.

Lokacin yin wannan aiki shi ne Yuni ko Yuli, sa'ad da tafkin ya ja baya. Sikanin ba ya buƙatar sabis, ana iya yinsa a gida. Ɗorawa a Drive ce ke so, sai a bari sai ranar da aka shiga Yelwa ko Wara cin kasuwa, a yi fotokwafi a nan, a ɗora fayilolin. Kafin a hau jirgin komawa, a ari wayar wani a gwada shiga asusun da abin da aka rubuta a littafin, a ga takardun sun buɗe, sannan a fita daga asusun a miƙa masa wayarsa.