Ko Kun Sani? Zoɓo da Hawan Jini

Ko kun san zoɓon nan da ake dafawa da citta da kanumfari a gidajen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, wanda yara ke tallarsa a ƙulle cikin leda, mai azumi kuma yake kashe ƙishirwa da shi bayan magariba, yana sassauta hawan jini, cutar da take gajiyar da zuciya a ɓoye? A shekarar 2010 masana na Jami'ar Tufts ta Amurka suka bayyana sakamakon jarrabawar da suka yi da mutum 65, inda waɗanda suka lizimci shan kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6, awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 7, alhali na sauran da ba su sha zoɓon ba da ƙyar ya wuce maki 1. Sababin wannan fa'ida kuwa, a nazarin masana, sinadarin da ya ba soɓorodon yakuwa jan launinsa yana taimakon jijiyoyin jini su saki. Amma yawan sukari yana tauye alfanunsa, kuma bai isa ya maye gurbin maganin likita ba.