Shekarar da Korona Ta Tsayar da Tseren Safari

A duk tseren motocin da ake yi a duniya, babu wanda ya kwanta mini a rai kamar Safari na ƙasar Kenya. Ba a kan kwalta ake yinsa ba. Hanyar burji ce da tsakuwa da yashi, ta ratsa daji da gonaki, inda direba kan yi kiciɓis da raƙumin dawa ko jakin dawa a tsakiyar hanya.

A irin wannan tsere, motoci ba sa tashi tare. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, da tazarar 'yan mintoci, agogo ne alƙali. Mutum biyu ne a kowace mota: direba, da abokin tafiyarsa wanda ke riƙe da littafin hanya yana karanto masa abin da ke gaba. Kwana ce ta hagu, rami ne, gada ce, duk daga bakinsa direba zai ji tun kafin idonsa ya gani. In abokin tafiyar ya tsallake layi guda, sai dai a ciro su daga kwazazzabo.

An fara Safari a 1953 domin bikin naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, ana ratsa Kenya da Uganda da Tanganyika. A wancan zamani tafiyar kan kai wajen kilomita 5,000, dare da rana, a kan hanyar da jama'a ke bi. A 1963, motoci bakwai kacal suka kai ƙarshe, saura duk taɓo da ruwan sama suka cinye su. 'Yan gida ma sun nuna bajinta: Joginder Singh ya ci sau uku, Shekhar Mehta sau biyar. Daga 1973 tseren ya shiga gasar duniya da ake kira WRC, har 2002, lokacin da Colin McRae ya yi nasara. Daga nan aka cire tseren saboda ƙarancin kuɗi da matsalar tsari, Afirka ta wayi gari ba ta da ko zagaye ɗaya a gasar.

Shekara 18 'yan Kenya suna fafutukar dawo da abinsu. Gwamnatin Uhuru Kenyatta ta sa hannu, aka yi tseren gwaji a 2019, hukumar FIA mai kula da gasar ta gamsu, aka tsayar da ranakun 16 zuwa 19 ga Yulin 2020. Sai ga annobar korona. A watan Maris Kenya ta samu mutum na farko da ya kamu, ta dakatar da jiragen ƙasa da ƙasa, ta kafa dokar hana fitar dare, daga baya ta taƙaita shiga da fita Nairobi. A tsakiyar Mayu aka sanar cewa babu Safari a wannan shekara. Ba Kenya kaɗai abin ya shafa ba: an katse tseren Meziko ana tsaka da shi, an soke na Fotugal da Finlan da New Zealand, gasar ta ƙare da zagaye bakwai kawai.

Wani zai ce, mutum biyu a cikin mota a tsakiyar daji, wa za su shafa wa cuta? Ai ba su kaɗai ba ne. Bayan kowace mota akwai kanikawa da injiniyoyi da likitoci, yawancinsu daga Turai za su taso. Kayan gyara a kwantena ake loda su a jirgin ruwa zuwa Mombasa makonni kafin ranar. Sannan ga 'yan kallo. Filin ƙwallo ana iya rufe ƙofarsa a buga wasa babu kowa, amma daji ba shi da ƙofa, kuma dubban mutane za su yi dafifi a bakin hanya ko an hana su. Don haka ni a ganina sokewar daidai ce, duk da cewa masu otal a Naivasha, inda za a yi tseren, da masu gasa nama da 'yan acaɓa sun ji a jikinsu. Sai da rai ake neman riba.

Haƙurin bai faɗi ƙasa banza ba. A watan Yunin 2021 motoci suka taru a filin Kasarani da ke Nairobi, suka nufi Naivasha. An rage tsawon zuwa kilomita kusan 320 na tsere, amma hanyar ba ta rage mugunta ba. Akwai wata ƙura da suke kira fesh-fesh, mai laushi kamar garin fulawa, wadda ke rufe rami, ta haɗiye taya, ta toshe numfashin inji. Thierry Neuville na Hyundai ya jagoranci tseren har safiyar ranar ƙarshe, sai ƙafar motarsa ta baya ta karye, Sébastien Ogier na Toyota ya ɗauki kofin, Takamoto Katsuta ɗan Japan ya zo na biyu.

Tun daga lokacin Safari bai sake fita daga jadawalin gasar ba. Kenya ta zaɓi lafiyar mutanenta a kan bikin kwana huɗu, kuma ba ta rasa bikin ba. Wannan darasi ne da ya kamata duk mai shirya babban taro a nahiyar nan ya riƙe.